Ranar da Auta Ya Bi ta Lungu

Mu biyar mahaifiyarmu ta haifa. Ni ne na fari, shi ne na ƙarshe, shi ya sa har yau da furfura ta cinye masa kai babu mai kiransa da wani suna sai Auta. Shekara goma sha ɗaya na ba shi. Na goya shi, na yi masa wanka, na kuma taɓa marinsa sau ɗaya, ranar da ya ɗauki almakashin maigidan da ke koya mini ɗinki ya aske wa kyanwa gashin baki. Ukun da ke tsakaninmu, ɗaya ya rasu, biyu aure ya kai su nesa. Ni da shi muka rage a garin nan.

Ni tela ne. Shagona yana bakin wani lungu da ya fito kan babban titi, ɗaki ɗaya, keken ɗinki biyu, ɗayan ya mutu tun tuni na mai da shi wurin ajiye yadi. Lungun siriri ne, mota ba ta shiga. In ka bi shi, zai ratsa da kai ta bayan kasuwa ya fitar da kai kan titin asibiti cikin 'yan mintoci. In kuwa ka miƙe babban titi, sai ka je har shataletalen tasha, ka zagaye kasuwa duka, kafin ka iso wurin. Na faɗi wannan tun yanzu ne domin duk abin da ya same mu a kan lungun nan ya same mu.

Auta ya yi shekara ashirin da takwas yana raba wasiƙu. Karatunsa ya fi nawa, don shi ya gama makaranta, ni a aji uku aka cire ni aka kai ni koyon ɗinki. Aka ba shi keke da jaka da hula, aka ba shi rabin gari. A duk shekarun nan ban taɓa jin an ce wasiƙa ta ɓata a hannunsa ba. Ruwan sama ya taɓa kama shi a hanya, ya tuɓe rigarsa ya naɗe jakar, ya iso shagona yana karkarwa kamar ɗan tsako, amma ko ambulan ɗaya bai jiƙe ba. Akwai wata wasiƙa da ta zo da sunan mace kawai, a ƙasa an rubuta "kusa da famfo", babu lamba, babu titi. Mako uku yana yawo da ita a aljihun gaba, famfo bayan famfo, har ya samo tsohuwar. Daga ɗanta ce, wanda ta daɗe da fid da rai da shi. Mutane har makullin gida suke ba shi ajiya in za su yi tafiya. A unguwarmu in ana gardama wani ya ce "Auta ne ya faɗa", to magana ta ƙare. Bai gina gida biyu ba, bai sayi mota ba. Wannan sunan shi ne abin da ya tara.

Kullum ƙarfe bakwai da rabi yake biyowa ta lungunmu, don ya fi masa kusa zuwa titin asibiti inda rabonsa ke farawa. A shekararsa ta biyu da aiki wani ya bar baro ya kwana a bakin lungun. Auta ya karyo kwana da gudu ya hau kai, ya karye a wuyan hannu, haƙorinsa na gaba ɗaya ya tafi. Tun daga ranar, aikina na farko kowace safiya, kafin in taɓa zare, shi ne in gyara bakin lungu. Baro ne, bencin mai aski maƙwabcina ne, kwali ne, dutse ne, duk abin da na tarar sai na kawar, in share, in yayyafa ruwa. Ba wanda ya sa ni. Shi ma bai taɓa yi mini godiya ba, ban kuma so ya yi ba. Sai dai ya zo ya buga ƙararrawa sau biyu.

"Yaya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. A sauka lafiya."

Yawancin kwanaki iyakar maganarmu ke nan. Mu ba masu surutu ba ne, haka mahaifinmu yake.

Da wasiƙu suka ja baya, kowa ya koma waya, sai aka sallame shi da takardar yabo. Ya zauna a gida shekara guda, ya yi tumbi, ya fara faɗa da jikoki a kan rimot. 'Yarsa ta fari ma'aikaciyar jinya ce, Nas muke ce mata. Ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta duba, ta sake ɗaurawa, sannan ta ce, "Baba, ko dai ka tashi ka riƙa tafiya, ko in tanadar maka gado a ɗakinmu na maza. Akwai ɗaya kusa da taga." Washegari ya fita. Tafiya ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu. Ƙafafunsa kuwa ba su san wata hanya ba sai ta wasiƙa: daga gida ya haye gada, ya hau babban titi, ya shigo lungu, ya ɓulla titin asibiti, ya zagaya gida. Ƙarfe bakwai da rabi daidai. Ƙararrawar ce kawai babu.

Zan faɗi gaskiya, da farko kunya ya ba ni. Dattijo mai jikoki, da gajeren wando, ƙaurinsa a waje kamar ƙafafun kujera. Mai aski kuwa ya samu abin yi. Da ya hango shi sai ya bar mutum da kumfa a fuska ya fito.

"Auta, tsaya mana! Wa ya biyo ka? In kare ne ai ya juya tun daga gada!" Sai ya waiwayo wurina. "Tela, ƙanenka fa ya manta an karɓe keken. Har yanzu tuƙawa yake."

Ni kuma sai in sunkuyar da kai kamar zare ya harɗe mini. A ƙarshe na samo yadi mara nauyi na ɗinka masa dogon wando mai roba a ƙugu, na aika masa ba tare da wani saƙo ba. Ya gane. Tun daga nan da shi yake gudu, ko da zafi.

Daga baya ya haɗu da wasu masu irin wannan ciwon, suna taruwa ran Asabar da safe a filin wata makaranta. Akwai direbobi, akwai malamai, akwai wani mai walda ɗan shekara hamsin da biyar, gajere, mai faɗin ƙirji, kullum da koriyar hula, wanda ake jin muryarsa kafin a gan shi. A cikin manya shi ya fi kowa gudu, kuma ba ya bari a manta. Auta yakan zo na uku ko na huɗu a bayansa. Abin bai dame shi ba.

Sai aka sanar da tseren gari, kilomita goma, da kofi daban ga waɗanda suka haura hamsin. Auta ya ba da sunansa. Aka ba shi riga, da lamba a takarda mai kauri, da taswirar hanya. Ya kawo mini lambar in ɗinka masa a ƙirji, wai fil yana sokinsa. Ina ɗinki na ce masa ya duba taswirar nan da kyau.

"Yaya, ni za a nuna wa garin nan a takarda? An ce duk inda ba a bi sun ɗaure igiya, sun sa kibiya. Inda aka bari a buɗe nan ne hanya."

Ya ninke taswirar ya cusa a ƙarƙashin ƙafar teburina da ke rawa, ya ce ga amfaninta nan.

Ranar tseren na iso shago da sassafe kamar kullum. Sai na tarar an ɗaure wata igiyar leda mai ja da fari, ta tare bakin lungu daga turken lantarki zuwa ƙofata. Wanda ya ɗaure bai samu abin kamawa ba sai sakatar shagona. A tsakiya an kafa allo mai kibiya, tana nuna gaba, wajen tasha. Ba zan ce ban san ko na mene ne ba. Na sani. Amma hannuna ya riga kaina. Na kwance igiyar don in buɗe ƙofa, na naɗe ta a yatsu tsaf kamar tef ɗin awo, na ajiye a kan benci. Allon kuma na jingina shi da bango, fuskarsa ciki, don in share wurin. Na share, na yayyafa ruwa. Na ce a raina in na gama zan mayar. Sai ga wata mata da wandon aikin mijinta, zik ya lalace, tana sauri. Na zauna a keke.

Ina kan zik ɗin na ji jiniya. Babur ya wuce, samari dogaye a bayansa kamar ba sa taka ƙasa. Bayansu mutane a warwatse, biyu-biyu, uku-uku, duk suka miƙe babban titi. Na ga koriyar hular mai walda ta wuce, yana gudu yana surutu da na kusa da shi. Daga nan titi ya yi fili na ɗan lokaci. Mai aski da sauran 'yan unguwa duk sun tafi filin da za a ƙare tseren, matar ma ta karɓi wandon mijinta ta tafi. Ni kaɗai na rage.

Sai ga Auta, shi ma shi kaɗai, kai a sunkuye, wandon da na ɗinka ya manne masa da gumi. Ya iso bakin lungu, ya tarar da shi a buɗe, a share, da danshin ruwa, kamar kowace safiya. Ya karyo kwana. Ya ɗaga hannu, da ƙyar numfashi ya bar shi.

"Yaya... an tashi lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. A sauka lafiya."

Na faɗa, na mai da ido kan allura. Sai da na taka keken sau biyu ko uku kafin idona ya faɗa kan igiyar da ke naɗe a benci. Na miƙe, na leƙa lungu. Ina hango bayansa, bai kai kwanar masu sai da bokiti ba tukuna. Da na ɗaga murya zai ji. Wannan shi ne abin da na fi juyawa a raina daga baya, cewa zai ji. Amma ni tun ina yaro ban iya ihu ba. Kuma a daidai lokacin na ji takun wasu suna tahowa, tsoro ya kama ni kada su ga igiya a kwance a bencina. Sai na juya wa ƙanena baya. Na ɗauki igiya na ɗaure ta da sauri a inda take, na kafa allo, kibiya na nuna tasha. Kafin ayarin ya iso na koma kujerata. Suka wuce, wani ma ya ɗaga mini hannu. Na sha jin kunya a rayuwa, amma ban taɓa yin abu da hannun ɓarawo ba sai ranar.

Na ɗaga tebur na zaro taswirar. Ban iya karatunta sosai ba, amma na iya awo. Na ɗora tef a kan jan layin, na bi shi kwana-kwana. Abin da lungun ya yanke ya kai kashi ɗaya cikin bakwai na hanyar. Na ninke ta na mayar, na zauna ina roƙon Allah ya sa Auta ya zo na goma, ko na ashirin, inda ba wanda zai damu.

Wajen hantsi mai aski ya dawo a guje, shi da ke yi wa masu gudu dariya.

"Tela! Tela, rufe shagon nan! Ƙanenka ya cinye! Tsofaffin garin nan kaf ya zubar da su! Wallahi daga yau askinsa kyauta. To dama me ya rage a kan?"

Ya nuna mini hoto a waya. Auta a tsaye kan wani akwati, kofi a hannu, Nas ta rungume shi tana kuka, gurbin haƙorin nan a waje. Mai walda a gefe, ƙasa da shi, fuska a murtuke.

Na ce, "Shi wancan fa?"

"Rabu da shi! Wai bai ga lokacin da Auta ya wuce shi ba. Yana ta ihu a gaban alƙalai, ban gani ba, ban gani ba. Aka ce masa ai surutu ne ya rufe maka ido. Yanzu sunansa ke nan, Ban-gani-ba."

Na ce masa kaina ke ciwo.

Washegari na gyara bakin lungu, ƙarfe bakwai da rabi ta yi, bai zo ba. Na ce gajiya ce. Kwana biyu, kwana uku, har tara. Ni kuma ban je barka ba. Duk gari sun je, har waɗanda rabonsa da kai musu wasiƙa ya fi shekara goma. Wani lokaci in yanke a raina cewa ya gano an kwance igiya, ya san ni ne, yana jin haushina na jefa shi cikin abin da bai taɓa yi ba. Wani lokaci kuma in ce a'a, bai sani ba, yana can cikin farin cikinsa, in na buɗe baki ni zan kashe masa. Mutumin da bai taɓa cin komai ba a duniya sai takardar yabo. In kuma na yi shiru, sunansa ya zauna a kan ƙarya, da ƙullin hannuna. Na lalata wuyan riga biyu a makon nan, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Ran na goma Nas ta biyo daga aiki da rana, da farar rigarta. Ta tsaya a ƙofa, ta ƙi zama.

"Baffa, ina wuni. Laifin me Baba ya yi maka?"

"Ba laifi, 'yata."

"To kowa ya zo barka sai kai. Ko maganar wandon ce har yanzu? Ai naka yake sawa."

Na ci gaba da taka keke.

"Ba ya cin abinci. Ba ya fita gudu. Kofin ma ya sa a kwali ya tura ƙarƙashin gado, wai kada ya yi datti. Na auna shi jiya, jinin ya koma inda muka faro. Kuma duk wanda ya yi sallama sai ya ce a duba ko kai ne. Ni dai na faɗa maka."

Tana tafiya na rufe shago.

Na same shi a ɗakinsa, zaune a bakin gado da singileti, rediyo na magana ba mai sauraro. Takalman gudun suna bayan ƙofa, safa a cushe a ciki. Takardar yabon aiki na rataye a bango cikin gilashi. Ya sauko ƙasa ya bar mini gadon, kamar yadda ya saba. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Matarsa ta kawo ruwa ta fita. Na tambayi ƙafa, ya ce da sauƙi. Ya tambayi shago. Daga nan magana ta ƙare mana, muka zauna muna kallon takalma.

Shi ya riga ni.

"Yaya, na san abin da ya hana ka zuwa. Kai kaɗai ka gan ni."

Bai ɗago ba, ya ci gaba.

"Wallahi lokacin da na shiga ban sani ba. Hanya na gani a buɗe. Amma da na ɓulla titin asibiti sai na gan ni a tsakiyar samarin da suka wuce ni tun a gada. Wani ma ya waiwayo ya kalle ni. A nan na gane. Saura kilomita uku, Yaya. Kilomita uku ina gudu ina cewa in na isa zan faɗa. Na isa, aka rataya mini abu a wuya, yarinyar nan ta rungume ni tana kuka, aka kira sunana a lasifika. Na buɗe baki sai na ji ina cewa na gode." Ya goge fuska da tafin hannu. "Mai walda yana rantsuwa ana yi masa dariya, ni ina sama da kofi. Da wane ido zan bi ta gaban shagonka?"

Ashe duk kwanakin nan kowa ɓoye wa ɗan'uwansa fuska yake yi.

Na ce, "Auta, hanyar ba a buɗe take ba. An ɗaure ta. Ni na kwance."

Ya ɗago.

Na faɗa masa duka, ban rage ba, da sakata, da tsintsiya, da zik. Da na zo wurin da na hango bayansa na ƙi kira, na koma na ɗaure igiya, sai na dakata. Na sha ruwa na ƙarasa.

Sannan ya ce, "Har ruwan ma kai kake yayyafawa?"

"Ni ne."

"Kullum?"

"Tun ranar baro."

Ya yi wata irin dariya gajeriya wadda ba ta da daɗin ji, hawaye na bin ta. "Shekara talatin ina cewa masu sharar titi ne. Har na taɓa yaba musu a ofis."

Ya durƙusa ya jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, ya ce gobe zai kai wa mai walda har shagonsa. Na ce ai ba a shago aka yi masa dariya ba, a gaban mutane ne. Ban san daga ina maganar ta fito mini ba. Da na tsaya na yi tunani cewa ni ma za ta ci ni, wataƙila da na haɗiye ta.

"To Asabar, a fili," in ji shi. "Amma ba sai ka zo ba, Yaya. Zan ce ni na kauce."

Na ce, "Ƙarya ɗaya ba ta ishe mu ba?"

Mai walda ya daina zuwa filin tun da sunan nan ya bi shi, sai da Auta ya sa ɗaya daga cikin direbobin ya je ya roƙo shi. Ran Asabar na sa rigata mai kyau na bi ƙanena, kwali a hannunsa. Mutum kamar arba'in, suna miƙe ƙafafu a kan ciyawa. Da suka hango shi suka hau tafi, "Zakara! Zakara ya dawo!" Na ga wuyansa ya shige cikin kafaɗu. Mai walda yana can gefe a kan babur ɗinsa, hannu a harɗe, ya ƙi saukowa.

Auta ya faɗi nasa a tsaye, a taƙaice, kamar mai karanta adireshi. Ta lungu ya bi, ya gane a titin asibiti, ya yi shiru, kofin ba nasa ba ne. Wani ya fara cewa ai laifin kwamitin tsere ne da ba su tare lungun ba. Sai ɗaya daga cikin malaman, wanda ke cikin kwamitin, ya ce shi da hannunsa ya ɗaure igiya a wurin, kuma da ya je kwashewa a ɗaure ya same ta. Na ga idanu sun koma kan Auta da wani irin kallo, irin wanda ake yi wa mutumin da ya ɗaga igiya ya shige da gangan. Na san an zo kaina. Shekara saba'in da ɗaya ban taɓa magana a gaban mutum fiye da biyar ba. Na matso, na ce ni ne telan bakin lungu, ni ne yayansa. Wani ya ce, "Baba, ɗaga murya, ba ma ji." Na ɗaga. Ranar na gane ashe ina iya ɗagawa, kuma wannan ma wata kunyar ce.

Da na gama, malamin ya tafa hannu. "Shi ya sa! Na ce wane ne ya yi mini wannan ƙulli mai kyau haka, ni da na ɗaure ta kamar bakin buhu!" Wasu suka yi dariya. Wasu ba su yi ba.

Mai walda ya sauko daga babur a hankali. Ya zo ya tsaya gaban Auta, ya cire koriyar hula, sannan ya juya wajen jama'a.

"To! Wa ya ce surutu ya rufe mini ido? Kai, direba, maimaita in ji! Mako biyu, har matata in na tambayi ina silifas ɗina sai ta ce ban gani ba, tana dariya! Ni da na san takun kowane tsoho a garin nan!"

Ya karɓi kofin, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce. "Ashe ma gwangwani ne. Kunnen nan ya kusa cirewa, sai na ɗana masa wuta." Sannan ya dubi Auta, muryarsa ta sauka. "Da ranar ka faɗa, malam, da a kafaɗa zan ɗauke ka. Mako biyu ka bar ni a bakin mutane."

Auta ya ce, "Na bar ka."

Mai walda bai miƙa masa hannu ba ranar. Ya ɗaure kofi a bayan babur ya tafi. Ni ko kallona bai yi ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Kwamiti suka gyara suna a takardarsu. Amma waɗanda suka ji labarin cin kofi sun fi waɗanda suka ji na mayarwa yawa. Har yau wani in ya haɗu da shi yakan ce zakara, shi kuma sai ya tsaya a titi ya yi masa bayani tun daga farko, har da ni a ciki, don na ce kada ya cire ni. Wasu kuma rabin labarin suka ji, rabin da ba shi da kyau. A unguwa ba na ƙara jin ana cewa "Auta ne ya faɗa" kamar da. Ko an daina ne, ko a gabana ne ba a yi, ban sani ba. Mai aski ya janye askin kyauta, ya koma kiran ƙanena Gajeriyar-hanya, ni kuma in ya ga na ɗauki tsintsiya sai ya ƙwala wa mata kira su ɓoye igiyoyin shanya. Nas ta yi kwana uku ba ta yi wa ɗayanmu magana ba. Ran na huɗu ta zo da abin awonta ta ɗaura mana mu biyu, ta ce nawa ya fi nasa hawa. Mai walda kuwa sai bayan wata biyu ya fara jiran Auta a kwana in sun fita ran Asabar, yana ce masa tsoho mai nauyin ƙafa. A wurinsa sulhu ke nan.

Auta ya koma gudu ran Litinin ɗin da ta biyo bayan zuwanmu fili. Na gyara bakin lungu, na yayyafa ruwa, na zauna. Ƙarfe bakwai da rabi na ji takunsa a babban titi. Ya iso, bai rage gudu ba, bai waiwayo ba, ya miƙe wajen tasha. Na bi bayansa da ido har ya ɓace a cikin motoci. Na ce shi ke nan, ni na jawo, na ɗauki aikina. Zare ya ƙi shiga allura.

Wajen takwas saura kwata sai na ji taku ta bayana, daga cikin lungu. Ashe ya zagaye tasha da kasuwa, ya shigo ta titin asibiti, ya fito ta wurina. Ya dafa ƙofa yana haki. Ya dubi ƙasa, inda ruwan bai gama bushewa ba.

"Yaya, an tashi lafiya? Sannu da shara."

Na ce, "Lafiya lau."

Haka yake yi har yanzu, gaisuwar ta baya take zuwa mini. Bara an sake yin tseren, an sake ɗaure igiya a sakatata. Ban buɗe shago ba. Na tsaya a gefen allon, hannuwana a aljihu, har mutum na ƙarshe ya wuce. Auta ya zo na shida.